'Yar Baƙa Mai Mulkin Esi: Tamostat Ɗin Da Ya Dace Da Zafin Khaddamari

Jama'a, yau yabo na zo yi, kuma ba zan ɓoye ɓangaren da nake ba. Wanda ya ga na wuce gona da iri ya yi haƙuri, zafin Afrilu ne ya koya mini darajar duk abin da ke sanyaya rai. Maganar da nake yi a kan wata 'yar na'ura ce baƙa, gajera, mai sheƙi, marar nauyi, marar hayaniya, marar cin wuta, wadda girmanta bai kai na ƙaramin gwangwanin tumatir ba, sunanta BroadLink RM4 Mini, tare da kebul ɗinta mai auna zafi da danshi da ake kira HTS2. Su biyun nan idan suka haɗu sun zama tamostat mai wayo, irin wanda ya dace da gidajenmu da wutarmu da aljihunmu. Ni dai ta gama da ni.

Na san da yawa cikinmu, mu masu ciwon kayan lantarki, tamostat ɗin Nest ce ta fara ɗauke mana hankali. Wa zai ga wannan zagayayyen abu, mai zoben ƙarfe da ake murzawa, mai fuskar gilashi da ke haskawa da zarar ka matso, bai ji yawunsa ya tsinke ba? Tony Fadell, mutumin da ya yi suna a Apple wajen ƙera iPod, shi da Matt Rogers suka fito da ita a 2011, a farkon 2014 kuma Google ya zube dala biliyan 3.2 ya saye kamfanin ɗungurungum. Kyau kam akwai shi. Sai dai domin gidan Amurka aka gina ta, inda injin ɗumama gida da na sanyaya shi suke wuri ɗaya, iska na bin bututu zuwa kowane ɗaki, ga wasu siraran wayoyi masu ɗaukar bolt 24 sun leƙo ta bango, kowace da harafinta, R da W da Y da G, da kuma C ɗin nan da ke hana Amurkawa barci idan babu ita. Esin da ke ɗakunanmu kuwa rabi a ciki yake rabi a waje, wutar bolt 230 yake sha, kuma duk duniya babu wanda yake jin maganarsa sai rimot. Ina za ka soka waya mai harafin Y a jikinsa? Wanda ya yi odar Nest zuwa Khaddamari ya sayi adon bango mai tsada, in kuma ya yi gangancin haɗa ta da wutar soket, ko adon ma ba zai samu ba. Sai ƙauri.

To a nan basirar 'yar baƙar take. Tunda esi rimot yake ji, sai ita ta zama rimot ɗin, amma rimot mai intanet, mai agogo, mai ma'aunin zafi, mai haddar yarukan na'urori barkatai, wanda ba ya ɓacewa a ƙarƙashin matashin kujera, batirinsa kuma ba ya mutuwa ranar da aka fi bukatarsa. Tana harba irin hasken nan na infirared da ido ba ya gani, a kan kilohaz 38 irin na yawancin rimot, esi ya ji ya amsa, bai ma san an canja masa ubangida ba. Ba kiran mai gyaran wuta, ba sukudireba, ba yanke waya, ba fasa bango, ba rigima da mai gida idan haya kake yi. Ran da za ka tashi, ka zare ta ka jefa aljihu. Allah ya ƙara wa injiniyoyin BroadLink na Hangzhou basira!

Wanda ba a nan yake zaune ba zai ce wannan ai kayan ƙawa ne. Mu da ke Khaddamari, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere, da 'yan uwanmu na cikin Yerwa, mun san abin da Afrilu da Mayu suke nufi: ma'auni ya haura digiri 40 da rana, rufin kwano ya gasa silin, bulon siminti ya sha zafi ya ƙoshi, sannan bayan isha'i ya fara amayar da shi cikin ɗaki, har ka dafa bango ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka ji shi da ɗumi. Mun kuma san tarihin wutarmu. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara, aka sake tarwatsa su, birni guda ya yi wata da watanni cikin duhu. Lokacin ne faifan sola ya hau rufin duk mai hali. Tashar gas mai megawat 50 da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Maris ɗin 2023 ta kawo sauƙi, amma ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, ciyar da janareta ya koma aikin masu ƙarfi, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar rukunin Band A ya yi tsalle zuwa naira 225 kowane yunit. Ta ko'ina ka ɓullo, sanyi kuɗi ne. Na'urar da za ta hana esi shan wutar da ba a bukata, a wurinmu 'yar gida ce.

Ku zo mu yi lissafi, don na san akwai masu inbata a cikinmu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a takarda. Guda huɗu, yunit 9.6. Amma duk mai son baturansa na ruwa su yi tsawon rai ba ya zuƙe fiye da rabi, saura 4.8 ke nan, kafin inbata ta ci nata kason, firji ya ci, fitilu da fanka su ci. Esin gargajiya mai ƙarfin doki ɗaya yana jan abin da ya kusa wat 900 idan kwamfiresa na aiki. Ka bar shi yana gudu ba hutu tun ƙarfe goma, kafin kiran assalatu inbata ta fara kuka, uwargida ta farka, yara su farka, kai kuma ka kama fifita da kwali cikin duhu. Duk dabarar kwana da esi a kan sola ita ce kada kwamfiresa ya yi minti ɗaya na banza. Mai barci ba ya iya wannan gadin. Ita tana iyawa.

Haɗa ta ba ya bukatar shaidar kammala Ramat Poli. Ka samo kan caja mai kyau na bolt 5, don yawanci kebul kawai za ka tarar a kwali, ka soka HTS2 a madadin kebul ɗin da ta zo da shi, ka ga 'yar fitila ta fara ƙifta ido, ka sauke manhajar BroadLink a wayarka, ka buɗe asusu, ka ba ta sunan Wi-Fi ɗinka da kalmar sirri. A nan yawancin mutane ke tuntuɓe, kuma abu ɗaya ne ke kayar da su kusan kullum: ita da danginta duka masu araha, zangon gigahaz 2.4 kawai suke ji, ba su san na 5 ba. Sababbin rauta da wasu MiFi suna haɗe zangunan biyu ƙarƙashin suna ɗaya, wayarka ta hau na 5, 'yar baƙa na can tana lalube a na 2.4, kowa na jiran kowa. Shiga saitin rauta ka raba su, ko ka kashe na 5 na ɗan lokaci. Kashe VPN idan ka saba barinsa a kunne. Ba manhaja izinin sanin wurin da kake, domin Android ba ya barin manhaja ta ga sunan Wi-Fi sai da wannan izinin. In har yanzu ta ƙi, akwai ɗan ramin riset da ake dannawa da tsinke har ƙiftawar fitila ta canja salo, sai ta buɗe nata Wi-Fi na wucin gadi, ka shiga, ka miƙa mata bayanan hannu da hannu. Wannan hanyar ba ta cika ba da kunya ba.

Daga nan sai sashen da nake so in riƙa maimaitawa ko babu dalili. Ka zaɓi esi, ka zaɓi sunan kamfani, Hisense ne ko LG ko Midea ko Panasonic ko Gree, manhaja ta jero maka samfuran rimot, ka danna gwaji, ka kasa kunne. Shiru. Ka danna na gaba. Sai ka ji “tit!”, leɓen esi ya buɗe a hankali cikin isa da ƙasaita, iska ta fara saukowa, alhali rimot na can kan firji babu wanda ya taɓa shi. Wallahi duk girmanka sai ka yi murmushi. Idan sunan esinka ba ya cikin jerin, kada ka karaya. Da yawa daga sunayen da ke kasuwanninmu a manyan masana'antun Sin ake ƙera musu kaya a manna musu tambari, saboda haka gwada Gree da Midea da TCL, sau da yawa a nan ake dacewa. In duk sun ƙi, tana da kunnen koyo: ka saita rimot ɗinka a gabanta ka danna, ta haddace. Abin lura shi ne rimot ɗin esi halinsa daban da na talabijin. Kowace dannawa cikakken saƙo yake aikawa, digiri nawa, wane yanayi, ƙarfin iska, juyin leɓe, duka a dunƙule. Don haka cikakken hali za ka koya mata: sanyi, digiri 26, iska matsakaiciya. Ka raɗa masa suna, ka ajiye.

Amma gwarzon tafiyar shi ne kebul ɗin nan, siriri, talaka, marar kwalliya, mai ɗan kumburi a jiki inda ma'aunin ke zaune, wanda in ka gan shi a ƙasa ba za ka sunkuya ka ɗauka ba. Shi ne ya mai da rimot tamostat. Kowane esi yana da nasa ma'aunin, gaskiya ne, amma ina yake? Can sama kusa da silin, bakin inda yake zuƙar iska, wurin da zafin ɗaki ke taruwa, balle a gidan kwano. Esi na can yana auna zafin sama, kai kana ƙasa kan katifa kana jan bargo, shi kuwa yana ta nishi don a lissafinsa aiki bai ƙare ba. HTS2 inda ka ajiye shi yake aunawa. Ka sa shi daidai tsayin gado, nesa da bakin iskar esi, nesa da taga, nesa da bayan talabijin, kada kuma ya kwanta a kan cajar da ke ba shi wuta don ita ma ɗumi take yi, sai ya ba ka lambar gaskiya, zafin da fatarka ke ji. Ran da mutum ya ga bambancin abin da ya saita a rimot da abin da ke wajen gado, ran nan yake daina yarda da lambar da ke fuskar esi.

Da wannan lambar ake kafa doka, kuma a nan nake zama in yi ta wasa har burabisko ya huce a kwano. Tawa ta dare mai sauƙi ce: idan zafin wajen gado ya haura 30, a kunna esi a kan 26, idan ya sauko 27, a kashe, fanka ta ci gaba da juya sanyin da aka tara. Ku lura da tazarar da na bari tsakanin lambobin biyu. Wanda ya ce a kunna a 28 a kashe a 27.5, kwamfiresansa zai yi ta tashi yana faɗuwa, kuma tashin nan shi ne lokacin da ya fi fizgar wuta, shi ke girgiza inbata, shi ke tsufar da inji. Shi ya sa ma masu ƙera esi suka sa masa jinkirin kamar minti uku kafin ya sake tashi bayan an kashe, don matsin gas ya daidaita. In ka kunna ka ga iska na fitowa amma injin waje shiru, ƙyale shi, numfashi yake mayarwa. Masu esi mai inbata a ciki kuma, naku salon daban ne. Shi ba ya son kashe-kunna, da kansa yake rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, don haka ku bar shi a kunne, ku sa doka ta riƙa ɗaga masa lamba: 25 lokacin kwanciya, 26 tsakar dare, 27 ko 28 wajen ƙarfe biyu, sa'ad da iskar waje ta sauko, jiki kuma ya yi nisa cikin barci. Kai ba za ka ji canjin ba. Baturanka za su ji.

Bari in tsokani 'yan jam'iyyar 16. Kun san su, kowane gida akwai ɗaya, da ya shigo sai ya danne rimot har ƙasa, wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. Esin gargajiya gudu ɗaya ya sani. Ko 16 ka sa ko 25, iskar da zai hura ɗaya ce, bambancin kawai a 16 ba zai taɓa hutawa ba, don ɗakin kwano a Jere cikin Afrilu ba zai ga 16 ba ko a mafarki. Indiya, wadda ta san zafi irin namu, ta wajabta tun Janairun 2020 cewa sabon esi ya fito daga masana'anta a saite kan 24, hukumar tsimin makamashinsu kuma ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da ka ɗaga yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da ake sha. Japan tun 2005 take kiran ma'aikata su ajiye kwat lokacin zafi a bar ofis a kan 28. Mu da Allah ya ba mu 'yar shara da fanka, me ya kai mu 16? Yanzu idan ɗan jam'iyyar gidanmu ya danne, ba na ko ɗaga murya. Doka na nan tafe. Bayan ɗan lokaci sai a ji “tit!”, an koma 26, shi kuma ya yi ta zargin aljanu.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce sanyaya ɗaki tun rana na sama. Tsakanin azahar da la'asar batura sun cika, faifan sola na zubar da wutar da babu mai sha, ɗakin kwana kuma sau da yawa babu kowa. Sai na sa doka ta kunna esi a wannan lokacin, ƙofa a rufe, labule a sauke, bango da katifa da silin su sha sanyin kyauta, ta yadda da dare aikin da ya rage wa batir kaɗan ne. A shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara wannan ni'ima ce ta musamman: ka dawo daga aiki leɓe a bushe, ƙafa na ja, ka tarar da ɗaki ya yi sanyi ƙalau yana jiranka, ka miƙe kafin a sha ruwa. Ko kana tsakiyar Kasuwar Monday, gumi har cikin takalmi, ka ciro waya ka ga ɗakinka a Khaddamari yana 37, ka danna, ka kama hanyar gida kana jin kanka wani attajiri. Haka nan idan ka yi nisa a hanyar Damaturu ka tuna ba a kashe ba, babu juyowa, babu kiran maƙwabci. Ɗan yatsa ɗaya. Ka kuma gayyaci uwargida cikin manhajar da nata asusun, kada mulkin ya zama na kama-karya.

Ma'aunin danshi kuwa gyara ce a kan ciniki. Cikin hunturu zai nuna maka ƙasa da kashi 20, ka gane dalilin tsagewar leɓe da haɓon yara, ka ajiye kwanon ruwa a ɗaki. Cikin Agusta, sa'ad da Ngadda ta kawo ruwa, fadamar Jere ta yi kore shar da shinkafa, sai ya haura 80, zafi ba yawa amma jiki na danƙo, kaya na warin ruma. A nan doka ta koma yanayin busarwa, mai alamar ɗigon ruwa, wanda ke tsotse danshin ba tare da ya sa mutane rawar ɗari ba. Disamba da Janairu esi na hutu, ita ba ta hutu: talabijin, dikoda, fanka mai caji, duk mai rimot na infirared ya shigo ƙarƙashin tutarta.

Yanzu ga guna-guni, don masoyi ma yana da baki. Mafi yawan ranakun da za ka ga manhaja ta ce ba ta kan layi, laifin na gida ne. Ko wuta ta ɗauke ta tafi da rauta, ko data ya ƙare, ko kuma, abin da ya fi faruwa a gidajenmu, wani ya sa MiFi a aljihu ya tafi da shi majalisa. Dokokin da ke bin zafi ta intanet suke bi, in babu shi ta koma kurma. Magani shi ne rauta ya zauna gida, shi da ita a layin inbata ko kan ɗan ƙaramin UPS. Masu son ɗora ta kan fawa bank su kula, wasunsu na kashe kansu idan abin da ke jan wuta ya yi ƙanƙanta, ita kuwa ɗan abin da take sha bai isa ya hana su barci ba. Idan tana kan layi amma esi ya yi kunnen uwar shegu, duba tsakaninsu: haskenta ba ya ratsa bango ko labule, iyakarsa kamar mita 8, hasken rana mai ƙarfi na dushe shi, ƙurar hunturu kuma na rufe mata fuska. Ɗaki ɗaya, na'ura ɗaya. Kana shakkar ko tana harbawa? Saita kyamarar waya a kanta ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga walƙiyar shunayya.

Rauninta na asali, ita da duk masu aiki da infirared, shi ne tana magana ba ta jin amsa. In wani ya taɓa rimot na hannu, manhaja ba ta sani ba. A esi da sauƙi, tunda saƙo na gaba zai gyara komai. A fanka mai maɓalli ɗaya na kunnawa da kashewa kuwa, kana iya nufin kashewa ka kunna. Shaidarka ita ce lambar zafi: in ka kunna daga nesa, rabin awa ta wuce lamba ba ta motsa ba, to ko saƙo bai isa ba, ko babu wuta, ko esin ne ke ciwo. Nan ma ta yi rana, don ita ke fara tona asirin filtar da ƙura ta toshe, da gas ɗin da ya yoye, da wutar da ta yi ƙasa har kwamfiresa ya kasa tashi sai da sitabilaiza. Filta ka wanke da kanka duk bayan mako biyu. Gas da waya ka bar wa masu sana'ar. Gidajen da ruwan madatsar Alau ya shiga a ambaliyar 10 ga Satumban 2024 kuma, Allah ya kiyaye gaba, a sa mai gyara ya duba soket da wayoyin cikin bango kafin a bar esi yana kunna kansa babu kowa a gida.

Sai maganar baki. Tana aiki da Alexa da Google Home, kana iya ba da umarni da murya, amma Hajiya ba za ta ce a kashe esin nan da Hausa ko Kanuri a ji ta ba. Abin da ciwo. Sannan duk abin da ya rataya ga sabar kamfani, ran da kamfani ya juya baya sai wayo ya ragu. Masu Nest ta farko da ta biyu sun ɗanɗana haka a Oktoban 2025 da Google ya yanke su daga manhaja. Amma ko a nan tawa ta yi zarra. Home Assistant, manhajar nan ta kyauta da ake ɗorawa a Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta, tana magana da RM4 kai tsaye a cikin gida ba tare da intanet ba, ta karanta zafi, ta harba umarni, ko hanyar sadarwa ta yanke doka na aiki. Masu ƙwaƙƙwafi, ga fili ga mai doki.

Na san za a ce cikin takwarorinta Sensibo ta fi ta iya lissafi, tado ta fi ta kyan fuska, na Tuya masu allo suna nuna lamba a jiki ba sai ka buɗe waya ba, wasu rimot ɗin Midea da Gree ma suna da maɓallin Follow Me ko I Feel da ke auna zafi daga inda rimot yake, kyauta. Duk na ji, kuma wanda esinsa ke da wannan maɓallin ya fara da shi yau da dare. Amma a araha, da juriya, da sauƙin haɗawa, da yawan na'urorin da take juyawa, ban ga wadda ta kamo ƙafarta ba. In za ku saya, a kasuwar Jagwal kuka same ta ko oda za ku yi daga Kano ko Legas, ku tabbata RM4 Mini ce ko RM4 Pro, ku kuma ga kebul ɗin HTS2 da idonku, don tsohuwar RM Mini 3 ba ta karɓarsa, kuma a bakin wani mai tallan kowane baƙin kebul mai auna zafi ne. Ku sa a jona a gabanku, lambar zafi ta fito a waya, ku hura wa ma'aunin numfashi ku ga danshi ya tashi, sannan ku biya. Ku kuma yi wannan tun Fabrairu, kafin bazara ta kama.